Muntaka Mai Juyi da Ka

"Ba inda za shi! Ki koma ki gaya musu ni na ce."

"Ke a wa? Mardiya, baƙuwa kike a zancen nan. Tun ba ki san hanyar Faransa ba muke cin tuwo kwano ɗaya da shi."

"Kwano ɗaya? Ai na ji labarin kwanon. Ku cinye, shi ya kankare ƙanzo."

Bangon da ke tsakanin ɗakin girki da ɗakin kwana bai fi kwali kauri ba, irin na gidajen haya na Vénissieux, a gefen Lyon. Muntaka yana kwance rigingine a ƙasa, da tawul mai ɗumi a ƙarƙashin wuyansa, yana jin matarsa Mardiya da ƙanwarsa Shamsiya, 'yar baffansa, wadda ta biyo jirgin ƙasa daga Paris da safiyar nan ta Asabar.

"Baba tsoho ne fa," in ji Shamsiya. "Likitoci sun sallame shi, sun ce ya je gida. Jibi jirgi zai kai shi Yamai, daga can Damagaram, kuma kowa ya san ba dawowa. Yafiya kawai yake roƙo. Yaya ya zo ya ce na yafe, shi ke nan."

"Kin ga hoton wuyansa? Ni na riƙe shi a hannuna. Likita ya ce in ya ƙara ɗora kan nan a ƙasa ya juya, to a tanadi keken guragu."

"Wa ya ce ya zo ya yi rawa? Ban kwana ne!"

"To ba ki san yayanki ba."

Muntaka ya lumshe ido. Mardiya ce da gaskiya. Tun da Shamsiya ta buga masa waya a farkon mako, bai taɓa tsayawa ya auna maganar yafiya ba. Abin da yake ta juyawa a ransa shi ne daɓen falon baffansa Alhaji Ilya: ko har yanzu ledar nan mai santsi tana nan a ƙarƙashin kafet.

Yana da shekara takwas ko tara aka kawo shi ƙasar nan. Ubansa direban babbar mota ne, ya rasu a hanyar Agadas. Dangi suka zauna a Damagaram suka raba marayu kamar yadda aka saba, shi ya faɗa hannun ƙanin uban, Alhaji Ilya, mai shagon atamfa da shadda a unguwar Château Rouge ta Paris. Mata suka yi ta shigowa suna yi wa uwarsa barka, wai ɗanta ya tsinci dami a kala.

Damin dai ya same shi, amma a ka. Gidan Alhaji yana can ƙololuwar wani dogon bene a Clichy-sous-Bois da ke gefen Paris, asansar da ke hawa da mutane ta daɗe da mutuwa, kuma Alhaji ba shi da sito, gidan ne siton. Sai Muntaka ya zama asansar. Kafin ya tafi lakwal, wato makarantar boko, ya sauko da dilar atamfa a ka, in ya dawo ya hau da wata. A lungun shiga gida yake kwana, tsakanin diloli, har yau in ya ji warin sabon yadi sai zuciyarsa ta tashi. Alhaji ba mai faɗa ba ne. Cikin natsuwa yake duka, da wayar rediyo, bayan ya idar da salla, kuma yakan yi bayani tukuna. "Riƙo amana ne," haka yake cewa. "Za a tambaye ni kai." A lakwal kuwa, mushe, wato malamin aji, ya ajiye shi a layin baya saboda ba ya jin Faransanci, ya manta da shi a can.

A ƙasan benen akwai wani fili mai rufi inda samari ke shimfiɗa kwali su kunna rediyon kaset mai girman akwatin amarya. Babbansu Soumaïla ne, ɗan Mali. Wata rana da sanyi Muntaka ya zo wucewa da dila a ka, hannuwansa duka biyu a aljihu. Soumaïla ya kashe kiɗan.

"Kai, ɗan ƙane! Wa ya ba ka wannan wuyan?"

"Baffana."

Samarin suka kwashe da dariya. Soumaïla bai yi ba. Ya sauke masa kayan da kansa, ya nuna masa inda zai kafa kansa a kwali, ya kama ƙafafunsa ya ɗaga su sama, sannan ya saki. Yaron ya tsaya cak kamar an dasa shi. Da ya duba, ya ga idanu sun kewaye shi, duka a juye, duka a kansa.

Ranar ya koyi dokar da'ira. 'Yan rawar birek, wato rawar hip-hop ta ƙasa, sukan yi zobe, mutum ɗaya ya shiga tsakiya, kuma muddin yana ciki kowa sai ya zuba masa ido. In fito-na-fito ake yi, abokin karawarka dole ya tsare ka da kallo har ka gama. Wanda ya kau da ido ya faɗi ke nan. Yaron da ba a taɓa dubansa ba sai in za a aike shi, wannan doka ta fi masa tuwo.

Ya ɓoye abin shekaru. Da ya kai sha shida, wata Hajiya mai sayen shadda a wurin Alhaji ta gan shi a Châtelet yana juyi da ka, ga hula a ƙasa masu wucewa suna jefa abin da suka jefa. Kafin ya isa gida labari ya riga shi. Ranar Alhaji bai ɗauko wayar rediyo ba. Ya tattara 'yan kayan yaron a ledar shago ya ajiye a bakin ƙofa.

"Gidanmu ba mu gaji roƙo ba," ya ce. "Kan da Allah ya yi domin sujada, kai ka mai da shi katantanwa. Je ka juya."

Ya juya kuwa. Ya kwana a ɗakunan ajiya na ƙarƙashin benaye, ya sayar da sigari a ƙarƙashin gadar jirgin metiro a Barbès, ya san gudun 'yan sanda, ya san yunwar da ke sa mutum ganin taurari da rana. Da aka ɗaure Soumaïla ƙungiyarsu ta watse, ya ji ana cewa a Lyon akwai wani daɓen dutse mai santsi kamar faranti a barandar gidan Opera, 'yan rawa suna taruwa can ba mai korarsu. Ya shiga jirgin ƙasa da jaka ɗaya. A kan dutsen nan, wanda da hunturu tafin hannu ke mannewa da shi don sanyi, Muntaka ya zama Taka. Ya ci gasa, ya sha kaye, ya sake ci. An kai shi garuruwan da bai iya faɗin sunansu ba. Bai yi arziki ba, abin da ya tara shi ne sanƙo mai faɗin bakin kofin shayi a tsakar ka, da wani zauren unguwa a Vénissieux inda yake koya wa yara rawa. Yaran da suka bi ta hannunsa wasu sun zama direbobin bas, wasu malamai, kuma iyayensu sukan tare shi a kasuwa su ce ba don shi ba da Allah kaɗai ya san inda za su ƙare.

Mutanen unguwa suna son su ce hip-hop ya cece shi daga wahalar ƙuruciya. Gaskiya ne, amma ba dukanta ba. Abin da bai taɓa gaya wa kowa ba, duk abokin karawar da ya tsaya gabansa, Bafaranshe ne ko Bakoriye, fuskar Alhaji Ilya yake ɗora masa. Da ita yake tsalle, da ita yake juyi. Mutum ɗaya yake yi wa rawa tun yana yaro, kuma mutumin bai taɓa gani ba.

Mardiya 'yar Maraɗi ce, ta zo karatun haɗa magunguna ta samu aiki ta zauna. Ta gaya wa iyayenta malamin motsa jiki za ta aura, kuma ba ta yi ƙarya ba. Ita ta fara lura cewa kofi yana suɓuce masa daga hannun hagu. Bara aka ɗauki hoton wuyan, likita ya nuna musu inda ƙasusuwa suka cinye juna har suna taɓa lakar da ke ciki. Tun daga nan a kan kujera yake koyarwa, da baki. Yara suna girmama shi, amma yana ganin yadda idonsu ke zamewa daga kansa zuwa ga wani matashi mai sabon jini. Ido ya fara barinsa. Ga shi kuma idon da yake jira za a sa shi a jirgi jibi.

Muntaka ya miƙe a hankali, ya dafa bango, ya shiga ɗakin girki. 

"Shamsiya, sannu da hanya. Kin sha ko ruwa, ko faɗan ya ƙosar da ke?"

"Yaya."

"Za ni," ya ce.

Mardiya ta ajiye ludayin da ke hannunta. "To rantse mini. Ka je, ka zauna, ka faɗi abin da za ka faɗa, ka taso."

"In sha Allah ba abin da zai faru."

"Ban ce ka ce in sha Allah ba. Ni ma Bahausa ce, na san in sha Allahun da ke nufin a'a. Rantsuwa na ce."

"Haba Madam, a gaban baƙuwa?"

Ta zazzage jakarsa a kan tebur, ba ta sami abin da take nema ba. Hular juyi, mai kauri da santsi a tsakiya, tun jiya tana cikin aljihun kwat ɗinsa. A bakin matakala ta kama fuskarsa da hannu biyu, a hankali, don kada ta motsa wuyan.

"In ka dawo a keke zan tura ka, Muntaka, har ƙarshen raina. Amma ni ba zan yafe maka ba."

A cikin jirgi Shamsiya ta yi ta ba shi labari: Baba ya canza, Baba ya yi laushi, Baba yakan ambace shi. Shi yana kallon gonaki suna gudu ta taga, yana matsa yatsun hagu ɗaya bayan ɗaya don ya ji ko suna nan.

"Ya taɓa kallon bidiyona?"

Ta gyara ɗankwali. "Ka san halinsa."

"Ko sau ɗaya? A wayarki?"

Ta kau da kai wajen taga.

Bayan la'asar suka isa Clichy. An rushe benaye da dama, na Alhaji an yi masa fenti, asansar ma tana aiki. Takalma sun yi tudu a bakin ƙofa. Falon cike yake da mutanen Château Rouge da suka zo ban kwana, 'yan kasuwa da mahauta da liman Malam Ibrahim Khalil, mata kuma suna ɗakin ciki. Aka yi gaisuwa mai tsawo, ina gajiya, ina iyali, ina sanyin Lyon, ya mai jiki, kowa yana amsawa kamar jiya aka rabu. Alhaji Ilya yana jingine da matasai a kan katifa, ya ƙanƙance, fararen idonsa sun koma ruwan ɗorawa. Muntaka ya ji tsoro ya kama shi: wannan ɗan abin ne ya yi wa rawa duk shekarun nan?

Wani mahauci, Malam Moctar, ya tashi zai tafi. Alhaji ya riƙe hannunsa.

"Malam Moctar, zaman tare sai da saɓani. Abin da na yi maka, wanda na sani da wanda ban sani ba, ka yafe mini."

"Na yafe duniya da lahira, Alhaji. Ni ma ka yafe mini."

Sai aka matsa wa Muntaka wuri. Ya durƙusa. Hannun tsohon ba nauyi, kamar busasshen kara.

"Muntaka, ka zo. Zaman tare sai da saɓani. Abin da na yi maka, wanda na sani da wanda ban sani ba, ka yafe mini."

Ko harafi ɗaya bai ƙara ba. Lungun kwana, wayar rediyo, ledar shago, duk an naɗe su a magana ɗaya da ta mahauci. Kuma a gaban jama'a, inda ɗan halas ba ya cewa a'a. Muntaka ya dubi idon tsohon yana neman ya gane ko dabara ce ko tsoron kabari. Ya ga duka biyun. Ɗan kasuwa ne da magariba ta yi masa, yana son ya rufe shago ba kowa a bakin ƙofa.

"Baffa," ya ce, "ka taɓa ganin abin da ka kore ni a kansa?"



"An gaya mini."

"An gaya maka. To yau ka gani da idonka, sannan mu yi maganar yafiya."

"Haba, Muntaka," in ji liman. "A gaban majinyaci? Zauna, ɗana, shaiɗan ne."

Ya riga ya miƙe. Ya ɗauke tiren shayi ya miƙa wa na kusa da shi, ya kama bakin kafet ya naɗe. Ledar tana nan. Dattawa suka janye ƙafafu suka manne da bango, ba su san sun yi masa da'ira ba. Shamsiya ta fito daga ɗakin mata da gudu ta tsaya a ƙofar falo.

"Yaya, don girman Allah! Wuyanka!"

Ya zaro hular ya sa. Ba kiɗa, ba ya bukata, gangar tana cikin ƙirjinsa tun zamanin kwali. Ya fara da taku a tsaye, kafaɗa tana amsa wa ƙafa, ya karya gwiwa ya zube ƙasa, ƙafafu suka shiga zagaye hannuwa kamar ana kaɗa igiya. Jikin da ya haura arba'in ya manta da shekarunsa. Ya ji shi da kansa: bai taɓa yin mai tsabta irin wannan ba, ko a ranar da ya fi kowa a Lyon. Ya tuna Mardiya, ya tuna hoton wuyan, ya kafa kansa a ƙasa duk da haka. Ya cilla ƙafafu sama, ya murɗa ƙugu, ɗakin ya fara gudu. Ya saki hannu.

Mai juyi da ka yakan zaɓi abu ɗaya ya riƙa kama shi da ido a kowane zagaye, don kada jiri ya kwashe shi. Muntaka ya zaɓi fuskar baffansa. Da ya zagayo, bai same ta ba. Ya sake zagayowa, babu. Alhaji ya ja bakin mayafinsa ya rufe fuska. Liman ya runtse ido. Sauran duk sun sunkuyar da kai, wannan yana duban carbi, wancan yana duban yatsun ƙafarsa.

Yana cikin juyin abin ya faɗo masa, abin da kowane yaro a Damagaram ya sani, shi kuwa zaman da'ira ya mantar da shi. Magidanci mai mata ya ɗaga ƙafafu sama a gaban dattawa, a wurinsu daidai yake da wanda wandonsa ya kwance a kasuwa, kuma abin da mutanen kirki ke yi masa shi ne su kau da ido. Sutura suke yi masa. Ya kawo musu aikin rayuwarsa, su kuma suna rufa masa asiri. Shi kuma tsohon, kunya ce ta sa ya rufe fuska, ko kuwa ƙi ne da ya sami mayafin kunya ya shige ciki? Watakila shi kansa bai sani ba. Ba kuma wanda zai iya tilasta masa ya sani.

Abin bai yi ƙara ba. Kamar zare ne ya tsinke a bayan wuyansa. Wuta ta bi kafaɗar hagu har yatsu, sai sanyi ya biyo ta. Sabawar jiki ce ta sauko da shi a kan gwiwoyi maimakon ya faɗi warwas. Hannun hagu ya rataya a gefensa kamar na aro.

Daga ƙarƙashin mayafi muryar Alhaji ta fito, da liman yake.

"Ya gama?"

"Ya gama, Alhaji."

Tsohon ya yaye fuska. "To, Allah ya shirya. Muntaka, ka yafe mini?"

Muntaka ya nemi fushin da ya riƙe shi a tsaye tun yana yaro, ya laluba, bai same shi ba. Abin da ya rage gajiya ce, da tsoro, da wani kiɗa da ke mutuwa a kunnensa.

"Na yafe."

"Alhamdu lillahi!" Falon ya ɗauka baki ɗaya. Wani ya jawo kafet ya mayar. Liman ya ce a yi fatiha, kowa ya ɗaga hannu biyu, Muntaka ya ɗaga ɗaya.

Da kyar ya kai bakin ƙofa, yana jan ƙafar hagu wadda ita ma ta fara yi masa nisa. Bai iya sunkuyawa ya nemi takalmansa ba. Shamsiya ta durƙusa ta lalubo su ta sa masa, hawaye yana zuba a kan igiyoyin, waya maƙale a kafaɗarta tana gaya wa masu motar asibiti sunan titi da Faransanci.

"Sun ce kada ka motsa wuyan, Yaya. Sun ce ka tsaya yadda kake, ga su nan tafe. Me zan gaya wa Mardiya? Ka gaya mini, me zan ce mata?"

Ya jingina da ƙyauren, hular tana kansa har yanzu. Ba zai iya juyar da kai ya dube ta ba, sai ya karkato da ido kawai.

"Shamsiya, ke dai kin kalla, ko? Gaya mini tsakani da Allah: da na saki hannu, ƙafafuna sun miƙe?"